Ladabin da Sajan Ya Kwashe

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ina gajiya? Ya jikin Inna, ya Malam da yara? Mu nan Abbasiya a Masar sai godiyar Allah.

Ɗanki Yusuf ya zo hutu daga bariki. Kin san ubansa ɗan Masar ne, aikin soja ya zame masa dole. Ya rame, an aske masa kai ƙwal, har bargo yake ninkewa. Maƙwabta sai barka suke yi mini, wai soja ya koya masa ladabi.

Na kuwa ga ladabin. Muna cin abinci wani sajan ya kira shi a waya. Yaron nan ya miƙe ƙiƙam da loma a baki, yana "Tamam, an gama, ranka ya daɗe!" ga mutumin da ko ganinsa ba ya yi. Ni da na goya shi, da digirina da komai, ban taɓa samun abin da ya wuce "ina zuwa" ba. Da ya gama na ce ya hawo mini da tukunyar gas. Ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri Mama, hutu nake."

Yaya, kishin sajan nan nake, ban ɓoye miki ba. Inna ta sa mu a addu'a, ko ragowar ladabin ta iso gida. A gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Rabi