Cokalin da Kika Saya Mini

Zuwa ga mahaifiyata, Inna ta tashar Kankiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahamarSa, Ya yalwata miki makwanci. Ni ne ɗanki na fari, wanda har kika koma ga Allah ba ki taɓa faɗin sunansa ba. Jikata Ummi, mai sunanki, ita ke buga wannan a waya, ni ina faɗa. Ta ce jama'a za su karanta. Na ce su karanta, ai dama a gaban jama'a na yi laifin.

Abin da ya tono zancen, makon jiya Ummi ta kai ni wani gidan abinci a Katsina, mai sanyi kamar cikin randa. Na ce a ba ni tuwo. Aka kawo shi a ƙulle cikin leda, ga cokula a naɗe cikin takarda. Na nemi ruwan wanke hannu. Sai Ummi ta waiwaya ta dubi mutanen da ke zaune, ta ce ƙasa-ƙasa, "Haba tsoho, ka rufa mani asiri mana." Tsokana ce irin ta jika da kaka, na sani. Amma waiwayen nan ya hana ni dariya, don na san shi, na taɓa yin irinsa a rumfarki.

Kin tuna shekarar da aka samu mulkin kai Baba ya rasu a Kaikai, ya bar ki da allunan karatunsa da ni. Kika tattara tukwane, ke da Goggo Ladi ƙanwarsa, kuka dawo Kankiya kuka kafa rumfar zana a bakin tasha. Tuwon dawa, miyar kuka, man shanu daga Fulanin garinmu. Da wannan tukunya na gama firamare, da ita na tafi kwaleji.

Tashar nan ce ta raine ni. Idi mai shayi na ajiye mini gefen burodi, Sani tela ne ya ɗinka mini kayan makaranta da ƙari, wai don kada in girma in bar su, wanzami kuma ya murƙushe kaina tsakanin gwiwoyinsa duk ranar Juma'a. Ke kuwa, kunyar ɗan fari ba ta bar ki ki dube ni ido da ido ba. Ko ina tsaye a gabanki sai ki ce, "Ladi, ce ma yaron nan shi zo shi ci." In na buɗe kwanona, kwanon samira mai ɓallewa a gefe, sai in tarar da ƙanzo a ƙarƙashin malmala ya sha man shanu. Ban taɓa jin kin ce kina sona ba, kuma ban taɓa shakka ba.

To sai ga shekarar da kuɗin mai suka ɓarke, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi. Ina Kaduna lokacin, ƙaramin akawu, amma ji nake kamar ni na haƙo man. Na sayi kwat, na sayi agogo mai ɗaukar ido, na koyi cin shinkafa da cokali mai yatsu a otal, rabi na shiga baki rabi na komawa faranti. A ofis na faɗa musu mahaifina malami ne, gaskiya ne. Da zancen ya zo kanki sai na sauya magana.

Ranar nan muka taso rangadi zuwa Katsina, ni da maigidana a wurin aiki, wani Bazazzagi da ya yi karatu a Ingila, sai direbanmu Garba. Muna wuce Yashe maigida ya ce yunwa yake ji. Garba ya ce, "Ranka ya daɗe, duk hanyar nan babu tuwo kamar na wata tsohuwa a tashar Kankiya." Na ce ai Katsina ta kusa, a can akwai gidan saukar baƙi mai tebur da kujeru. Ba wanda ya saurare ni.

Inna, ga abin da ya fi ci mini rai, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba. Kafin motar ta tsaya na riga na gama shawara. Na ce a raina, ai Inna ba za ta kira sunana ba, ba za ta ma dube ni ba, ni ɗan fari ne. Kunyar da kike yi mini don girmamawa, ita na ɗauka na lulluɓa da ita. Na yi hamdala da na ga Goggo ba ta nan, ta tafi niƙa.

Muka shiga rumfa, na waiwaya ina duban wa ya gan ni. Kowa ya gan ni. Idi ya saki butarsa, ya washe baki zai ƙwala mini kira. Ke kuma kin ɗago sau ɗaya, kin ga kwat ɗin, kin ga baƙin, kin ga ban durƙusa ba. Sai kika ce, "Idi, ruwanka shina zuba cikin wuta." Ruwan Idi lafiyarsa lau. Ya dube ki, ya dube ni, ya rufe bakinsa. Daga nan tasha duka ta gane, kowa ya kama gabansa.

Kika zuba wa baƙi a kwanonin kowa da kowa. Ni kuwa kika miƙa hannu can bayan tukunya kika ɗauko samirar nan mai ɓallewa. Ashe kina ajiye da ita. Na ga maigidana yana dube-dube, na ɗauka cokali yake nema, sai na yi caraf don in burge shi, na ɗaga murya na ce, "Mai tuwo, ba ku da cokali ne a nan?"

Mai tuwo na ce miki, Inna.

Ba ki ɗago ba. Kika ce, "Ku yi haƙuri, baƙi, mu nan da hannu muke ci." Ashe shi ruwan wanke hannu yake nema. Ya naɗe hannun riga, ya gyara zama a tabarma, ya cinye ya nemi ƙari. Da ya gama ya suɗe yatsunsa, ya matso ya russuna ya ce, "Inna, tun rasuwar mahaifiyata ban sha miyar kuka irin wannan ba." Mutumin da ya je Ingila ya kira ki Inna. Ni da iyakata Kaduna ina gefe ina tsakurar tuwo da kan yatsu, na kai ga ƙanzon da ke ƙasa, na kasa haɗiye shi.

Da za mu fita na bi ta gaban Sani tela, ya sunkuyar da kai yana taka kekensa babu ko ƙyalle a ciki. A mota Garba ya ce an ce tsohuwar nan tana da ɗa ma'aikaci, Allah Ya shirya shi ya riƙa tunawa da ita. Maigida ya ce amin. Ni ma na ce amin.

Da Sallah na zo gida da turamen atamfa da buhun shinkafa, ina jiran faɗa, har ina fatansa. Goggo ta kawo mini tuwo a rufe da faifai. A kan faifan akwai cokali sabo fil. Ta ce, "Uwarka ta saya maka a kasuwa, ta ce yaron nan yanzu hannunshi ya saba da cokali." Na duba fuskar Goggo ko zan ga habaici, ban ga komai ba. Har yau ban sani ba, Inna, ko horo kika yi mini, ko kuwa tsakani da Allah kin ga ɗanki ya nemi abu a rumfarki bai samu ba. Na biyun ya fi yi mini ciwo, kuma shi na fi zato.

Shekara tara, duk zuwan da zan yi, cokalin nan na kan faifai. In na tafi ki wanke shi, ki naɗe a tsumma ki sa a adudu, ba mai ci da shi. Ni kuma in ɗauka in ci, don ajiye shi na nufin a yi maganar. Na yi miki ɗaki mai rufin kwano, na biya miki Makka, duk ina kewaye-kewaye. Sau uku ina durƙusawa a ƙofar ɗakinki da niyyar in roƙi gafara. Ki amsa gaisuwata kina kallon bango, in ce a raina ai ɗan fari ba ya doguwar magana da uwa, in tashi. Ƙarya nake, ba kunya ba ce, tsoro ne.

Saƙon rasuwarki ya same ni a ofis, kafin in iso an kai ki. Bayan addu'ar bakwai Goggo ta kwance tsumman ta miƙo mini, ta ce wannan ba ya cikin gado, nawa ne. Na yi ta maza na tambaye ta ko kin taɓa yi mata maganar ranar nan da na zo da baƙi. Ta ce, "Wace rana?" Shekara tara kuna tuƙa tukunya ɗaya, kuna kwana ɗaki ɗaya, ba ki faɗa mata ba. A nan na yi kukan da ban yi ba a bakin kabarinki.

Tun daga ranar ban sake cin tuwo da cokali ba, ko a gidan wa, ko a gaban wa. Makon jiya ma da hannu na ci, Ummi na harara. Da muka fito na ba ta labarin nan a mota. Ita ta ce mu rubuta.

Inna, abin da na kasa faɗa a ƙofar ɗakinki ga shi: na yi miki laifi, ki yafe mini. Kin rufa mini asiri a ranar da ni na guje ki. Allah Ya rufa miki asiri ranar da asirai ke tonuwa, Ya haskaka kabarinki, Ya jiƙan Baba da Goggo da Idi da duk mutanen tasha da suka yi shiru don ke. Allah Ya haɗa mu a Aljanna, ki ɗauko mini samirata ki zuba, ko ba ki dube ni ba. Zan wanke hannu.

Ni ne,
Yaron nan.