Barnaba Zai Yi Rawa da Sanda

Azare, 3 ga Nuwamba

Ɗana Barnaba,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Yaya ƙafar? Yaya ɗalibanka? Na ba Gali direba takardar nan domin a waya kana katse ni da dariya. Ka yi haƙuri da rubutuna, da furfura na koya.

Fasto ya sa godiyarmu ranar Lahadin ƙarshen wata, saboda Ubangiji ya fisshe ka daga haɗarin babur. Tun da ya faɗa hankalina bai kwanta ba. Ka san yadda ake yi, iyali su taso daga ƙofa da rawa har gaban bagade. Kai kuwa da sanda kake tafiya. In ka faɗi a gaban jama'a fa? Zan roƙe shi a ɗaga sai ka warke sarai.

Mamarka,
Rifkatu

Shira, 9 ga Nuwamba

Mama,

Na gaishe ki da girmamawa. Kada ki je wurin Fasto. Likita ya ce ɗingishin nan ya zauna ke nan. Na ɓoye miki ne don na san halinki. In sai na warke sarai, ba ranar da za mu gode.

Wata huɗu ina kwance, wani ke juya ni. Yau da kaina nake zuwa aji. Ba ƙafa zan je nunawa ba, Wanda ya bar mini ita zan je gode wa.

Ɗanki,
Barnaba

Azare, 1 ga Disamba

'Yata Keziya,

Ina gaishe ki da maigidanki. Da ma kin samu zuwa.

Kwana biyu na yi ina kuka kan maganar yayanki. Daga baya na lallaɓa wurin Saratu mai buga tulu a zumuntar mata, na ce ta sassauta kiɗa. Ta sassauta. Muna tsakiyar majami'a sai ya tsaya ya ce, "Mama Saratu, jana'iza muka zo ne?" Aka kwashe da dariya, ta saki hannu.

Taku ɗaya, ya buga sanda, ya juya kafaɗa. Kafin mu kai gaba har dattawa sun ɗauki takunsa. Ban san lokacin da na daina kallon ƙafarsa ba. Na sami kaina ina waƙa, ɗankwalina a ƙasa.

Shi ya koma Shira lafiya ƙalau. Ni ce maƙwabciyata Ya Fanna take shafa wa man zafi a gwiwa.

Ubangiji ya kiyaye ku.

Mamarki,
Rifkatu