Akwatin da na aika Titus ya ɗauko

Litinin, 4 ga Mayu, 2015

Alhaji Bamanga ya kawo taraktarsa garejinmu na Bolari. Wai in haɗa mata GPS, tauraron ɗan'adam ya riƙa juya sitiyari, kunya ta fita a miƙe. Ikon Allah! Bawul ɗin da zai riƙa tura mai ya juya ƙafafun gaba ya iso, har da tiyoyinsa. Saura akwatin da ke ba bawul umarni, yana tasha. Na ce Titus, abokin aikina, ya ɗauko gobe.

Talata, 5 ga Mayu

Innalillahi. Jami'an tsaro sun riƙe Titus a shingen bincike. Mai keken da ya ɗauko shi ne ya zo yana haki. An buɗe buhu, sai ga baƙin akwati, wayoyi ja da baƙi, ga farin kwanon eriya. Tun da aka fara tashin bam a tashoshi, wa zai tsaya jin bayani?

Ni na aika shi, kuma na san dalili. Ina da gemu, sunana Zaharadeen. Na ce a raina mai suna Titus, da gicciye a wuya, ba mai kallonsa sau biyu. Wannan ne wayon nawa.

Laraba, 6 ga Mayu

Matarsa Margaret ta zo gareji. Ba kuka, ba zagi. "Baban Hanifa, ina mijina?" Gara ma ta mare ni.

Alhamis, 7 ga Mayu

Alhaji ya samu ganin babban jami'in shingen. Jami'in ya ce bai taɓa jin tarakta mai tuƙa kanta ba. A kawo ta filin bayan shingen ranar Asabar, zai ba ni akwatin in jona a gabansa. In ta yi, Titus ya tafi gida. In ba ta yi ba za a wuce da shi gaba. Kowa ya san gaban nan.

Juma'a, 8 ga Mayu

Wuni guda ina ƙarƙashin taraktar. Na ɗaure bawul kusa da famfon sitiyari. Tiyon da ke kawo mai, tiyon da ke mayar da shi tanki, waɗannan ba matsala. Biyun da ke zuwa ƙafafun gaba ne, na hagu da na dama: iri ɗaya sak, ba alama, kuma ba akwatin da zan gwada da shi. Na yi bisimilla na ɗaure. Har sifana ta faɗi a kwanon mai.

Ko tuwo ban iya ci ba.

Asabar, 9 ga Mayu

Na kai taraktar filin. Sun fito da Titus ba takalmi, leɓensa a kumbure. Bai dube ni ba.

Na ɗora kwanon a rufin tarakta, na jona akwatin. Duk suka ja baya, bindigogi a kaina. Na nuna mata layi, na danna, na ɗaga hannuwana sama. Ta yi taku kaɗan, ta ɗan kauce dama, ta so gyarawa, sai ta ƙara yin dama, ta nufi buhunan yashinsu kai tsaye! Na ji ana ɗana bindiga. Na take birki har gwiwata ta ƙage.

Tiyoyin nan ne, na juya su.

Sai Titus ya ɗaga murya daga inda yake durƙushe: "Kar ka taɓa tiyo! Sauya fulogin bawul, na hagu ya koma dama!" Ni da kaina ya ɗauke, shi da aka daka ne ya tuna. Na sauya. Ta tafi ƙarshen fili a miƙe kamar an ja zare, sitiyari na motsi shi kaɗai. Babban nasu har da dariya, wai a sake ya ɗauka a waya.

A keke Titus ya ce, "Me ya sa ni ka aika?" Na ce aiki ya yi mini yawa. Ya ce, "To." 

Litinin, 18 ga Mayu

Titus ya dawo aiki. Muna gaisawa lafiya lau, amma da rana ya ci abincinsa can gindin dalbejiya.

An bugo waya, wasu wayoyin taraktar sun iso tasha. Ya miƙe yana goge hannu, kamar kullum. Na ce ya zauna, dama ina da abin saye a can. Ba ni da abin saye.

Ina bakin ƙofa ya kira ni. "Zaharadeen, ka riƙe buhun a buɗe tun daga nesa. Kuma kar ka sa hannu a aljihu."