Hoton Alƙur'anin Kaka Ya Tona Asirin Babana

Anti Hadijatu, don Allah ki taimake ni. Na jawo wa gidanmu abin da ya fi ƙarfina, yau kwana huɗu ko abinci ba na iya ci.

Ni malamar firamare ce a Illela. Da korona ta zo aka rufe makarantu, aka hana taro, har baje kolin kayan gargajiya da muke yi duk shekara aka soke. Sai abokin aikinmu Malam Faruk ya buɗe zaure a waya, ya kira shi gidan tarihi, ya ce kowa ya saka hoton tsohon abin da ke gidansu da ɗan bayani. Aka yi ta turo hotunan ƙoren sassaƙa da tsofaffin sirada da allunan zayyana. Har 'yan Ƙonni da ke tsallaken iyaka suka shigo zauren, tunda iyakar a rufe take.

Ni kuma da rawar kai, ina sharar ɗakin Baba na buɗe wata adaka, na tarar da Alƙur'ani rubutun hannu cikin gafaka, da sunan kakanmu Malam Maccido a ƙarshensa. Na yi alwala, na ɗauki hoto, na saka, na rubuta cewa yana gidanmu har yau lafiya lau.

Ashe da can shekara yake yi wurin Baba, shekara wurin ƙanensa Baffa Harisu a Ƙonni, ana kai shi gab da azumi a yi sauka da shi. Ina ƙarama Baba ya aika wa Baffa cewa ruwan sama ya shiga ɗaki ya lalata shi. Inna ce ta ba ni wannan labari bayan ɓarna ta auku, ta ce ranar Baffa har kuka ya yi.

Mukhtar ɗan Baffa ya ga hoton ya nuna masa. Baffa ya gane ɗinkin da ya yi wa igiyar gafakar da hannunsa. Ya turo mini saƙon murya, ko faɗa bai yi ba, ya ce in shaida wa yayansa ranar da aka buɗe iyaka yana tafe, kuma ba gaisuwa za ta kawo shi ba. Na goge hoton, amma ya riga ya yaɗu. Baba bai sani ba, ƙaramar waya gare shi, ga hawan jini. Inna ta ce in ja bakina in yi shiru. Ina tsoron in faɗa ya faɗi, ina tsoron ya ji a bakin wani. Anti, mi zan yi?

Mai Nadama, Illela

'Yata Mai Nadama,

Kin yi kuskure, ba zan ɓoye miki ba. Abin da kika tarar a adakar mahaifinki ba naki ba ne da za ki nuna wa duniya ba izini. Amma ba ke kika ɓoye littafin ba, saboda haka ki daina hukunta cikinki, ki ci abinci.

Shawarar Innarki ta tausayi ce, sai dai shiru ba zai yi ba. Illela da Ƙonni dangi ɗaya ne, gobe ma wani zai iya tsegunta masa a ƙofar masallaci. Ki same shi da hantsi bayan ya sha maganinsa, Inna na kusa. Ki fara da naki laifin, ki nemi gafara, sannan ki isar da saƙon. Kada kalmar ƙarya ta fito daga bakinki. Ba ki san dalilinsa ba, wataƙila tsoro ne ya sa, kada abin da ya rage masa na mahaifinsa ya salwanta a hanya.

Shi ma Baffanki yana da gaskiyarsa, uban nan nasu ne su biyu. Ki lallaɓi Baba ya kira shi da kansa, ya yi alkawarin littafin zai tafi Ƙonni. In nauyi ya hana shi, a sa wani dattijo da dukansu ke jin kunyarsa ya shiga tsakani.

Kada ku jira buɗe iyaka. Cutar nan tsofaffi ta fi ɗauka, kuma dukansu sun manyanta. In ɗaya ya riga ɗaya gidan gaskiya ba su yi magana ba, wanda ya rage ba shi da wanda zai yafe masa. Allah Ya sanyaya zukatansu, ke kuma Ya ba ki ƙarfin hali.

Anti Hadijatu