Tikiti Na Huɗu

Mama,

Ina gaisuwa. Yaya ƙafar taki? Ni lafiya lau nake a Alaska, sai sanyi, shi ma na saba.

Kotu ta ce ranar da jikarki Janiya ta gama sakandare za a daina yankar kuɗin kula da ita daga albashina. Abokan aiki sai tsiya suke min: "Darnell, ka huta, yau kai za ka saya mana giya!" Na yi dariya, amma na kasa zaune na kasa tsaye. Kuɗin nan kaɗai ke shiga gidan uwarta da sunana.

An ce tikiti huɗu na shiga bikin kammala karatu makaranta ke ba kowane ɗalibi, uku dai na san suna da masu su. Allah ya ƙara miki lafiya, Mama, ki tambayi Janiya da dabara: na huɗun na waye?

Ɗanki,
Darnell