Ƙanena Ya Rantse Ɗansa Ba Zai Sake Taka Gidansa Ba

Assalamu alaikum, Malam. Don girman Allah ka agaza mini da shawara kafin in aikata abin da zan zo ina nadama. Haƙurina ya ƙare, kuma wanda ya ƙarar da shi ba bare ba ne, ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, wanda na goya a bayana.

Ni dattijuwa ce, maigidana ya rasu, ina zaune a ɗaki guda a gidan surukina, ina koyar da matan unguwa karatu da hantsi. Ƙanen nawa tela ne, shagonsa yana jikin gidan da mahaifinmu ya bar mana, wanda har yau ba a raba ba. Yana da ɗa da muke kira Dogo, don sai ya sunkuya yake shiga ƙofar ɗaki. A hannuna aka yaye shi, a hannun ubansa ya koyi ɗinki, har ya kai masu kawo aiki suna cewa a ba yaron, ya fi tsohon hannu.

Bara waccan Dogo ya faɗa cikin abokan banza. Ya kwashe yadukan mutane da aka kawo ɗinkin biki, ya sayar. Ba zan wanke shi ba, Malam, amana ya ci. Masu kaya suka cika ƙofar shago, wata mata ta kira ƙanena ɓarawo a gaban maƙwabta, shi da ya yi furfura ko allurar wani ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. Cikin wannan zafin ya ja yaron da kansa zuwa wurin 'yan sanda, wai a tsare shi kwana biyu ya ji a jikinsa. Kwana biyun nan ne suka zama kotu, kotu ta zama hukuncin shekaru. Ran da aka yanke hukuncin, ya tsaya a ƙofar shago a gaban abokan hirarsa, ya rantse da Allah cewa ƙafar Dogo ba za ta sake taka gidansa ba muddin yana numfashi.

Ni nake zuwa ziyara gidan yari, da wannan ciwon gwiwar tawa. In bi layi a rana, gandiroba ya motsa abincin da na kawo da cokali kamar yana neman zinariya, sannan a fito mini da yaron. Malam, ɗakin da aka gina don mutane kaɗan an cusa masa jama'ar da za ta cika ƙaramin masallaci. Kwanciya bi da bi ake yi, a gefe guda, in ɗaya zai juya sai kowa ya juya. Shi da Allah Ya yi wa tsawo ba shi da inda zai miƙe ƙafa, har sun kumbura. Ƙazuwa ta cinye tsakanin yatsunsa, yatsun nan da suke zura zare a allura ba tare da ya duba ba. Ya tambaye ni ko sallarsa tana yi, don sau da yawa babu wurin sa goshi. Kuma an haɗa wanda ya saci kaza da wanda ya kashe rai a ɗaki ɗaya. A ziyarar baya na ji wasu kalmomi a bakinsa da ban san su ba, ban kuma so in sani ba.

To, yanzu ana ta magana a rediyo kan wani ƙudiri da ke gaban majalisa. Yadda wata lauya mai taimakon marasa ƙarfi ta bayyana mini, idan ya zama doka, masu ƙananan laifuka da ba su zubar da jini ba za su iya ƙarasa wa'adinsu a waje, suna yi wa jama'a aiki, da sharaɗin a sami babba da zai tsaya musu, a nuna gidan da za su zauna da wurin sana'arsu. Gida da sana'a, Malam! Duka biyun suna hannun mutum ɗaya.

Na tafi wurinsa da murnata, sai na tarar ƙanena ya zama shugaban masu adawa da ƙudirin. Duk lokacin da aka sa shirin ƙudirin sai ya ƙure muryar rediyo, ya ajiye almakashi, ya kama musu da ita kamar tana jinsa, wai 'yan majalisa sun rasa aikin yi za su sako wa mutane ɓarayi. Abokan hirarsa suna gyaɗa kai suna zuga shi. Bai taɓa bari shirin ya wuce shi ba, ko maimaici ne. Ga keken ɗinkin Dogo can a kusurwa ya lulluɓe da ƙyalle, duk mako sai ya buɗe ya zuba masa mai. Na ce ya sayar mu biya lauya, ya ce ba na sayarwa ba ne. Na ce ya ara wa jikana ya koyi ɗinki, ya ce ba na aro ba ne. Wannan wace irin rowa ce?

Ranar nan dai na kasa daurewa, na wanke shi tas a gaban abokan nasa. Na ce da na san haka zuciyarsa za ta bushe, da na bar shi ya faɗa rijiyar da na fizgo shi daga bakinta yana rarrafe. Bai ɗaga kai daga ɗinkinsa ba, abin da ya ce kawai shi ne, “Yaya, ke malama ce, so kike in yi wasa da sunan Allah?” Tun daga ranar ban sake shiga gidan ba.

Na roƙi surukina ya tsaya wa Dogo, ya ce gidansa na haya ne, ga 'yanmata, ba zai iya ba, kuma ban ga laifinsa ba. Uwar yaron kuwa kullum cikin hawaye take. Wani ɗan'uwanmu magini ya ce in nemi a raba gado, a fitar mini da ɗakina, ya ja katanga, ya fasa mini ƙofa ta lungu, in tsaya wa Dogo a cikin haƙƙina. Har ya zo ya auna bango da ido. Malam, in yi? Na san in katangar nan ta tashi, ni da ƙanena sai dai a lahira. In kuwa ban yi ba, dokar za ta zo ta wuce, yaron yana can yana ruɓewa.

Gwaggon Dogo

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya saka miki da alheri, Gwaggo, kan layin da kike bi a rana. Amma ki gaya wa magini ya mayar da cokalin gininsa jaka tukuna.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma sai da na yi salati. Iyali guda ya rabu uku a kan dokar da ba a riga an yi ba! Ƙudiri yana iya wucewa, yana iya canza kama, yana iya kwana a majalisa har Dogo ya gama wa'adinsa. Ku kuwa kun riga kun fara auna bango. Da doka ko babu doka, wata rana za a buɗe wa yaron nan ƙofa, kuma tambayar tana nan: ina zai nufa?

Game da ƙudirin, ban ga rubutunsa ba, don haka ba zan yi masa fatawa ba. Abin da na sani shi ne malamanmu sun ɗauki tsare mai laifi a matsayin ladabtarwa, ba azabtarwa ba, sun kuma ce a ba shi wurin alwala da salla. Cunkoson da ya hana bawa sa goshi a ƙasa, ya kuma zaunar da ƙaramin mai laifi a makarantar manya, ba gyara yake yi ba. Duk da haka tsoron ƙanenki ba shirme ba ne. Mutanen da aka sayar da yadinsu su ma bayin Allah ne masu haƙƙi, kuma sakin da babu mai sa ido a kansa yana iya zama sabuwar ɓarna. Shi ya sa ake neman babba ya tsaya. Ki gaya wa Dogo sallarsa ta yi, Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Ya yi yadda ya iya, kada dai ya bari.

Sai rantsuwa, wadda ita ce ta fi ba ni takaici, domin ƙaramin ɗalibi ya san hukuncinta, ke ma kin sani, fushi ne ya rufe miki littafi. Allah Ya hana mu mayar da sunanSa shinge tsakaninmu da aikin alheri da sada zumunta. Ya tabbata a Sunna cewa wanda ya yi rantsuwa, sannan ya ga abin da ya fi ta alheri, ya aikata alherin ya yi kaffara. Kaffarar ita ce ciyar da miskinai goma ko tufatar da su, wanda bai samu iko ba ya yi azumin kwana uku. Tela ne, tufatar da mutum goma ba zai gagare shi ba. Saboda haka wasa da sunan Allah ba a karya wannan rantsuwa yake ba, yana cikin fakewa da ita a yanke ɗa.

Yanzu ki yi haƙuri in juyo kanki. Kin ce zuciyar ƙanenki ta bushe, amma shaidun da kika kawo ba su goyi bayanki ba. Wanda ya fitar da ɗa daga ransa kashe rediyo yake yi, ba ya jiran maimaici. Wanda ya yanke ƙauna sayar da keke yake yi, ba ya zuba masa mai duk mako. Wa yake ajiye wa keken? Mutumin nan ya san hannunsa ne ya kai yaron, ya nemi kwana biyu aka ba shi shekaru. Ya yi magana mai nauyi a gaban maza, ya rasa hanyar janye ta ba tare da an yi masa dariya ba. Ke kuma da ya kamata ki buɗe masa hanya, sai kika tsare shi a gaban mutanen nan dai, kika ƙara ɗaure shi. Tambayar da ya yi miki ba gatse ba ce, fatawa ya nema a wurin yayarsa, kika ba shi labarin rijiya.

Gado haƙƙinki ne, babu mai hana ki nema ran da kika so. Amma kada ki mayar da shi sanda. In kika ja katangar nan, Dogo zai fito ya tarar da bango tsakaninsa da ubansa, kowa a unguwa ya san saboda shi aka gina, yana jin ƙarar keken tsohon ta bayansa ba shi da ikon shiga. Wannan ma wani kurkukun ne. Ki ajiye shawarar magini sai in komai ya gagara, kuma ko a lokacin a yi ta da sulhu.

Ga abin da nake ba ki shawara. Ki koma gidan, lokacin da babu abokan hira, ki fara da ba shi haƙuri kan abin da kika faɗa a gaban mutane. Girmanki ba zai ragu ba. Kada ki ambaci majalisa ko kaɗan. Ki tafi da limamin da yake jin nauyinsa ya gaya masa hukuncin kaffara, domin ya samu abin faɗa wa abokansa: malamai ne suka ce. Shi kuma Dogo ki gaya masa gaskiya, cewa tuba ba ta cika sai an mayar da haƙƙi. Ya aiko wa ubansa neman gafara da bakinsa, ya yi alkawarin zai zauna a kan keken nan ya biya masu yadi da guminsa. Ita lauyar ki riƙe ta, ta riƙa sanar da ku halin da ƙudirin yake ciki, ta kuma duba ko akwai wata hanya a dokar da ake da ita yanzu. Ki ja uwar yaron a jiki, ta fi ku duka ciwo.

Kada ki nemi komai a wurin ƙanenki a zaman farko sai abu ɗaya: ya raka ki ziyara. Ya rantse a kan gidansa ne, bai rantse ba zai je ya ga ɗansa ba. Ki bar shi ya bi layin, ya ga ƙafafun, ya ga yatsun da shi ya koya wa riƙe allura. Ke kuma ki kama bakinki, ko da kalma ɗaya ce.

Allah Ya shiryi Dogo, Ya sanyaya zuciyar mahaifinsa, Ya ba ki lafiyar gwiwa, Ya sa ku ji ƙarar keke biyu a shagon nan. Wassalam.