Jimla ta Huɗu a Takardar Joelle

Lahadi, 19 ga Oktoba

An gama walimar kakar girbi ta coci. Mutum wajen ɗari uku, naman talotalo ko tsoka bai rage ba.

'Yata Joelle ta ce bana ita za ta gasa burodin gidanmu. Na bar ta, shekara sha huɗu ai ta isa. Da na tsaga ɗaya a kicin ɗin coci, cikinsa ɗanye, yana kama yatsa. Kuma sunana ne manne a ƙasan tiren, yadda kowace mace ke manna nata don kada ya ɓace. Duk wadda ta juya tire ta san daga gidan wa ya fito. Na ɗauke shi daga tebur na miƙa mata, na ce ta kai mota, kaji za su ci. A gaban Madam Dyck da sauran mata.

Gaskiya na faɗa. In ban gyara ta ba, wa zai gyara ta?

Talata, 21 ga Oktoba

Kwana biyu maganar Joelle daga "to" sai "a'a". Ta daina shiga kicin.

Laraba, 22 ga Oktoba

Ta ajiye mini aikin makaranta a kan tebur in sa hannu. Malamar Turanci ta ba su kalmomi goma, kowace ma'ana a yi mata jimla. Ta bakwai ita ce "harsh", ma'ana huɗu. Abin da ke kartar fata: ta rubuta a kan sabulun da muke wanke bokitan madara. Abin da ke damun ido ko kunne: fitilar likitan haƙori. Yanayi mai wuyar rayuwa: sanyin Janairu da ya kashe mana maruƙa biyu. Ta huɗu, mutum mai tsanani fiye da kima. Nan ta rubuta wai wani alƙali.

Ba mu san wani alƙali ba.

Na ɗaga takardar wajen taga. Ta goge, amma fensir ya bar sawu. "Mahaifiyata" ta fara rubutawa.

Na sa hannu. Har na gyara mata waƙafi a jimla ta biyu. Ban san me ya kai hannuna ba.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Na zaro ƙamus ɗina na sakandare, ko ƙamus ɗinsu ne ya zafafa ma'anar. Duk ɗaya ne. "Fiye da kima." To wa ke auna kimar? Ban taɓa ɗaga mata hannu ba. Ba ta taɓa fita da riga a yamutse ba.

Na faɗa wa mijina Wendell a rumfar shanu. Ya ce, "Verna, burodin nan fa ba laifi, uku na ci a mota."

Na ce kai ko tayar tarakta aka shafa wa man shanu sai ka cinye.

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ƙarfe biyar ta tashi ta kwaɓa. Sau biyu tana zubarwa tana sakewa, kada ki gani."

Ban san wannan ba.

Juma'a, 24 ga Oktoba

Ƙanwata Lorna ta bugo daga birnin Winnipeg. "Yaya, kada ki cinye ni, ni saƙo aka ba ni." Wai Joelle ta roƙe ta ta koma wajenta farkon wata, ta ƙarasa makaranta a can.

Na ce yaran yanzu ba a isa a faɗa musu gaskiya ba.

"Ke fa? Kin manta ranar da Mama ta warware suwaitar da kika saƙa a gaban baƙi saboda kin tsallake ido ɗaya?"

Na ce ai shi ya sa na iya saƙa.

"Kin iya kam. Yaushe rabon da ki leƙa ta a gidan tsofaffi?"

Na kashe wayar. Tun bikin Ista rabona da Mama. Tafiyar minti ashirin ce.

Asabar, 25 ga Oktoba

Na tsaya a ƙofar ɗakin Joelle da wanki a hannu. Na ajiye a ƙasa na sauko.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Bayan sujada ana shan kofi a kicin ɗin coci, matan nan duk suna wurin, Joelle na jera kofuna. Ban shirya ba. Na ce, "Abin da na yi wa yarinyar nan makon jiya a ɗakin nan, ban kyauta ba." Muryata ta fito kamar mai karanta sanarwar jana'iza. Madam Dyck ta tsaya da buta a hannu.

Joelle ta yi jawur. "Mama, don Allah ki bari, kowa na kallo."

Ko haƙurin ma ban iya bayarwa ba sai na kunyata ta.

Muka shiga mota, har muka wuce gada. Can ta ce, "Har yanzu ina son zuwa wajen Anti Lorna." Na ce to. Na riƙe sitiyari da kyau. Muka ƙara tafiya.

"Amma sai bayan Kirsimeti. In gani tukuna."

Wata biyu ke nan.

Ta ɗora takalmanta a kan kujera, duk taɓo, ta jingina da ƙofa. Na gani sarai. Na ci gaba da tuƙi. Hanyar akwai santsi ne, dole mutum ya sa ido a gaba.